Ragowar da Nake Bari a Faranti

Ni malamin gona ne a Safana, haifaffen Babban Duhu. Shekarar da aka tura ni Faransa kos na wata uku kan kiwon shanun madara, a wani ƙauye aka sauke ni, gidan wani dattijo makiyayi da matarsa. Ita ta taɓa koyar da Ingilishi a makaranta, saboda haka da ita nake magana. Shi kuwa sai nuni da hannu da dariya.

Gaisuwa ce ta fara ɗaure mini kai. Kalma ɗaya, an gama. Ni da na saba tambayar gida da iyali da gajiya da damina, kafin in buɗe baki mutum ya yi nisa. Karensu yana da katifarsa a falo, har da bargo. Burodi dogo kamar sandar makiyayi, a saƙalo shi a hammata babu leda, a zo a dire kan tebur. Duk na gani na ja bakina na yi shiru, ai baƙo ne ni.

Abinci ne ya kusa raba mu. Mutanen nan ba sa wasa da ciki. Rana na tsakiya kanti zai rufe, tarakta ta tsaya, a zauna kan tebur awa biyu, ana cin na yau ana gardamar na gobe. Matar nan har cikin gari take shiga da mota ta sayo mini yankan Musulmi. Girki kuwa, Allah ya ba ta hannu.

To amma a gidanmu baƙo ba ya suɗe kwano. Ka ci, ka rage, ka yi hamdala ka ture. Wanda ya cinye tas, labarinsa sai ya kai kasuwar Batsari, a ce ɗan gidan wane kamar yunwa ce ta koro shi. Kuma namiji ba ya zama yana yabon miya a gaban wadda ta kaɗa. Saboda haka kullum sai in bar kusan rabi. In ta ce a ƙara, in ce na ƙoshi, ina jiran ta matsa mini sau biyu ko uku kamar yadda ake yi. Ita kuwa da na ce a'a sau ɗaya sai ta ɗauke tukunya. Wallahi haushi kamar ya kashe ni. Ga mijinta a gefe, da furfurarsa, yana goge faranti da burodi har sai ya yi ƙyalli. A raina na ce wannan dattijo ba ya jin kunya.

Ta yi ta canza girki. Yau kifi, gobe shinkafa, jibi ta nemo barkono ta zuba har shi tsohon yana tari. Ni dai ina nan kan tarbiyyata.

Bayan mako biyu, da safe na dawo daga tatsa, ta ce in zauna.

"Na yi magana da masu kos ɗinku," in ji ta. "Akwai wani gida a cikin gari. Ranar Litinin za a mayar da kai can."

Na saba da shanun, na saba da tsohon, kuma mutanen sun kwanta mini a rai. Na ce, "Madam, laifin me na yi?"

"Ba ka yi laifi ba. Mako biyu ina dafa maka, ba ka taɓa cinyewa ba, ba ka taɓa cewa ya yi daɗi ba. Dubi yadda ka rame. Ba zan bar ɗan mutane ya lalace a gidana ba." Idonta ya ciko da ƙwalla.

Kunya ta rufe ni. Da guntun Ingilishina na zayyana mata yadda ake baƙunci a wurinmu, tun daga ragowa har jiran a matsa maka.

"Wato yunwa kake ji?" in ji ta.

"Madam, tun ranar da na zo."

Da ta fassara wa mijin, ya yi dariya har ya riƙe tebur. Ita ba ta yi ba. Ta nuna karen ta ce, "Ka ga ƙibar da ya yi? Rabonka ne a jikinsa." Sannan ta ɗauki waya ta ce a fasa.

Da rana ta kawo naman rago da dankali. Na ci, na cinye. Na gutsuri burodi na goge farantin, ina ji kamar mahaifiyata na tsaye a kaina. Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi nauyi. Na sunkuyar da kai na ce, "Madam, ya yi daɗi."

Ta ce, "Na sani." Ta jawo tukunya ta sake cika mini, ba ta ko tambaye ni ba.