Kunnen da Na Ara wa Mijina

Mijina makanike ne a garin Isa, kuma shekarun da ya yi yana gyaran injin niƙa sun cinye masa kunne. Sai an ɗaga murya yake ji. Wannan bawan Allah ne ya tashi ƙera jirgin sama mai kujera ɗaya a bayan gidanmu. Gari ya yi dariya har ya gaji. Ni ban yi ba, don na san taurin kansa.

Daga wata tsohuwar mota ya ciro injin, irin wanda ba shi da fistan, wani ƙarfe mai kusurwa uku ke juyawa a cikinsa. Ya ce abu ɗaya ke kashe irinsa. In fetur ba shi da kyau ko zafi ya yi yawa, man kan fashe kafin lokacinsa, a ji ƙara kamar an watsa tsakuwa a kwano. In ta ɗan daɗe, bakin kusurwar ya ɓalle, injin ya mutu. A sama kuwa babu gefen hanya da za a tsaya.

Shi ba ya jin ƙarar, sai ni. Ya ɗaura bututun jan ƙarfe a jikin injin, ya zura masa tiyo har zuwa kunnena. Sai ya ɗaure jirgin a gindin dogonyaro, ya ba shi wuta, ya juyo ya tambaye ni ko injin na yin ƙarar.

"Shina yi?"

"Shina yi, Malam."

Da farko gaskiya nake faɗa. Ya ja wutar baya, ya sake fulogi, ya ƙara lagireto don rage zafi, ya buɗe wa mai hanya. Wata safiya bayan girbin gero na kasa kunne, ban ji komai ba. Injin na tafiya sumul. Ya juyo yana jira, ni kuwa gawarsa na hango a gonar wani, 'ya'yanmu huɗu sun zama marayu. Tsoro ya kama ni, na gyaɗa kai alamar yana yi.

Wata bakwai ina wannan ƙaryar. Yana kwancewa yana ɗaurewa, har ya rame. Ina tausayinsa, ina kuma jin daɗi, don mahaukacina na nan a ƙasa yana cin tuwo. A ƙarshe ya ɗora laifin a kan man bakin hanya, wai da kananzir ake gauraya shi. Wani ɗan kasuwa abokinsa ya ce akwai mai tsabta wajen Burkusuma.

"Hanyag ga ba ta da lahiya," na ce.

"Za ni in dawo kahin la'asar."

Ina tsaye ya ɗaure jarka a babur. Kalma biyu kawai, "ya daina," zan faɗa ya sauka, amma ina faɗa, jirgi zai hau. Na bar shi suka tafi shi da abokin.

A hanyar dawowa 'yan bindiga suka tare su. Abokin ya faɗa cikin wani tarin karan dawa ya tsira, shi kuwa bai ji ana cewa ya tsaya ba.

Ranar sadakar uku abokin ya zo gaisuwa, ya tsuguna a bakin zaure. Ya ce da suna cika jarkar, mijina ya shinshina man, ya yi dariya ya ce, "Yau kam kunnen uwargida shi huta, na wahal da ita."

Masu gaisuwa sun yi ta cewa haukan jirgi ne ya kai shi. Ban taɓa gyara musu ba.