Tsallake Gulbi a Bisa Tebur

Abin da zan faɗa ya faru bayan babbar ambaliyar da ta cinye shinkafar fadamar Zauro, wadda mutane suka riƙa shiga gonakinsu da jirgin ruwa suna neman abin da ya rage. Lokacin keke mai ƙafa uku bai daɗe da shigowa Birnin Kebbi ba, baburan kabu-kabu ke da gari. Autata tana goyon ɗanta na fari, wanda yanzu sai na ɗaga kai nake ganin fuskarsa.

Ni makaɗiyar ƙwarya ce, kuma ban taɓa sunkuyar da kai wajen faɗin haka ba. A Argungu aka yanke mini cibiya, a can na koyi sana'ar a hannun wata mata da nake kira Inna, ko da yake ba ita ta haife ni ba. Duk bikin da aka yi daga bakin gulbi har ƙauyukan Augie, in ba a ji masakin Inna ba, mata sukan ce an dai ci tuwo an watse. Masaki shi ne babbar ƙwaryar da ake kifewa a ƙasa, shi ne uwar kiɗi. Kusa da shi akwai ƙaramar ƙwarya da ake kifewa bisa ruwa cikin kwano, sai zabiya mai waƙa da 'yar amshinta.

Da rawa na fara a gidan Inna. Kiɗinta da ya yi suna shi ne tsallake gulbi. Mace za ta fito fili kamar mai ɗauke da kaya a ka cikin ruwa iya cinya, ta ɗaga ƙafa, ta tsaya tana laluben inda za ta sa ta, sannan ta dire. Makaɗiya ba ta bugawa sai ƙafar ta sauka. Kowace mace kuwa da irin jinkirinta. Amarya sauri take don kunya, uwar ango takan ja abin don a ga zanenta. Shi ya sa Inna ba ta koya wa kowa da dogon bayani. Sai ta zaunar da ke, ta danne miki kai da tafin hannu, ta ce ki dubi ƙasa, kiɗi a ƙafar mutane yake, ƙwarya amsawa kawai take yi. Ni ƙafata ta hagu tana da nata hali. Tun da ƙayar kifin nan ƙurungu ta soke ni ina yarinya, takan yi nawa kaɗan kafin ta sauka. Inna kan ce hagun nan tawa ce ta koya mata haƙuri.

Kwanan baya jikana ya nuna mini a waya wasu mutanen wata ƙasa mai nisa, mace da namiji suna rawa, wai tango sunanta. Rungume-rungumen bai burge ni ba. Amma na ga matar ta ɗaga ƙafa ta rataye ta a iska, wani dattijo kuma da ke matsa wani abu kamar zuga-zugin maƙera bisa gwiwarsa ya dakata yana jiran ta. Na ce wa yaron ya maido mini wurin. Dattijon nan, ko bai taɓa jin sunan Argungu ba, ɗan gidan Inna ne.

Da ƙarfin Inna ya fara ja da baya, rannan a tsakiyar wani suna ta miƙe daga kan masaki ta ce in zauna. A gidanmu haka ake yi, kuma sau ɗaya ake yi. Wadda ta tashi ta ba wata masaki a gaban mutane ba ta sake komawa kansa, wadda ta zauna kuma ta bar rawa ke nan. Na zauna, na kuwa daɗe a zaune. Daga baya rayuwa ta kawo ni Birnin Kebbi, na tafi da masakin. Na kaɗa wa 'yan mata ranar aurensu, na zo na kaɗa wa 'ya'yan da suka haifa.

Abu ɗaya ya tsaya wa Inna a rai. Idanunta sun tafi, ƙafafu sun ƙi ɗaukarta, abokiyar hirarta wata ƙaramar rediyo ce a gefen matashi. Duk ranar da na je gaishe ta sai ta yi mini ƙorafi. Ta ji masu kotso, ta ji masu kalangu, ta ji 'yan amadan wasu garuruwa, amma tsallake gulbi bai taɓa fitowa daga akwatin nan ba. Takan tambaya ko akwatin ba ya ɗaukar kiɗin mutanen kirki ne. Mukan yi dariya, amma na san ba wasa take ba, kuma ina ganin yadda take ƙara shigewa cikin gado.

Ana nan sai wata ma'aikaciyar gidan rediyo, wadda ni na kaɗa mata a bikinta, ta samo mana rana. Hantsi ɗaya aka ba mu, don daga azahar ɗakin na wasu ne. Tun kafin ranar na aika wa Inna cewa ta sa a saya mata sabon batir.

Mu huɗu muka tafi: ni, da zabiyarmu wadda sa'ata ce, da 'yar amshinta, da mai ƙwaryar ruwa. Ita wannan albasa take sayarwa a kasuwa, uwar 'ya'ya ce, ta daɗe tana bi na. Mijinta ya yarda ta yi kiɗi, bai yarda ta yi rawa ba. Hannunta na da kyau ƙwarai, ni dai ban taɓa gaya mata ba, don yabo yana sa hannu nauyi. Muka cika keke mai ƙafa uku, masaki bisa cinyata kamar jariri.

Ɗakin da aka shigar da mu ba shi da taga sai wani gilashi mai kauri a bango ɗaya, ga sanyi kamar cikin randa. A bayan gilashin mai ɗaukar murya yake zaune, wani siririn saurayi mai ladabi, ya toshe kunnuwa da abin ji. Ya ce in ya ɗaga hannu mu fara. Waƙoƙin buɗe fili muka yi su lafiya, waɗannan ko daga barci aka tashe mu ma yi. Da aka zo tsallake gulbi na ɗaga makaɗi, na dubi ƙasa, ba komai sai darduma da wayoyi. Hannuna ya tsaya a sama.

Duk shekarun nan ban taɓa lura ba cewa ni ban san lokacin bugun kiɗin nan ba. Ba wadda ta sani, ƙafa ke faɗa. A cikinmu kuma babu wadda ta yi tunanin a zo da mai rawa, tun da a rediyo ba a ganin kowa. Na gwada bugawa da ka, abin ya fito kamar ana dakan gero. Zabiya ta shiga inda babu ƙofa, 'yar amshi ta bi ta. Saurayin ya ce ai ya yi daɗi. Na gaya masa wadda za ta saurara ba ta da ido, amma kunnenta ya fi injinsa.

Na ce a kawo mai rawa cikin ɗakin. Ya ce babu wuri, kuma abin maganar zai ɗauki har motsin zane. Ma'aikaciyar da ta gayyato mu ta gwada daga bayan gilashi, baiwar Allah, da dogon takalminta, amma ba ta san rawar ba, kuma daga ƙirji zuwa sama kaɗai muke ganinta. Zabiya da 'yar amshi dole su tsaya wajen abin magana. Mai albasa kuwa akwai maganar mijinta. Rana tana ta yi. Kowa ya ƙi haɗa ido da ni, sai zabiya, wadda ba ta taɓa jin tsorona ba.

"Saura ke, ƙawa," in ji ta. "Kin kuwa san mi tashi ka nufi."

Na sani. Ban kuwa shirya ba, don hannuna da sauran ƙarfinsa, ina ganin da sauran shekaru a gabana. Na dubi masakin, ga ɗinkin gyartai a gefensa, kowace tsaga na san bikin da ta faru. Sai na tuna wata tsohuwa can Argungu an riga an saya mata batir. Na dafa ƙasa na miƙe. Gwiwoyina suka yi ƙara har saurayin ya cire abin kunnensa ya duba injin.

Na miƙa wa mai albasa makaɗai. Ta mai da hannuwa baya.

"Gwaggo, ki rufa mini asiri."

"Zauna," na ce mata. "Kada ki dubi fuskata, ba ta da abin gaya miki. Dubi ƙasa."

Na danne mata kai da tafin hannu yadda aka danne nawa. 'Yar amshi ta jawo kwanon ruwa gabanta, don ita ma ta iya wannan.

Saura yadda za su ga ƙafata, tun da gilashin daga ƙirji ya fara. Yau dai ƙasar da za su duba a sama take. Aka ɗauko tebur mai tsayi iya bakin gilashin daga wani ofis aka jingina shi da gilashin ta wajen saurayin, mai gadi da masinja suka durƙusa suka riƙe ƙafafunsa. Saurayin ya buɗe mini lasifika don in riƙa jin kiɗin, sannan ya dubi girman jikina ya dubi teburin.

"Hajiya, in kika faɗo bisa injin nan, ni da aikin ga sai a lahira."

"Ɗana, tun ubanka na yawo ba wando nake tsallake gulbi. Riƙe mini takalmi."

Na hau. Kaina ya kusa taɓa rufi, dole na ɗan rusuna, wanda dama haka mai ɗauke da kaya take yi. Na ɗage zane zuwa ƙwauri, na ɗaga dama, na dire. Bugun ya riga ni kaɗan, tsoro ne. Sai na ɗaga hagu na rataye ta, na ƙara mata jinkiri da gangan, in ga abin da matar nan za ta yi. Ta cikin gilashi ina ganin makaɗin a sama, ta kuwa jira. Da diddigena ya taɓa katako, masaki ya amsa, na ji shi har cikin ƙirjina.

Daga nan gulbi ya buɗe. Zabiya ta saki murya irin wadda na manta tana da ita. Ƙafafun da suka yi shekaru a naɗe suka tuna hanyarsu, na shiga ruwa, na laluba, na fito, na sake komawa. Teburin na kuka, mai gadi na salati a ƙarƙashina. Ma'aikata suka cika bakin ƙofa, wata mai shara ta rangaɗa guɗa, saurayin yana ta yi mata alama da hannu, shi ma kafaɗarsa na motsi. Ban sauka ba sai da ya ce abin da ya ɗauka ya isa.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar aka ce za a sa. Muka tafi Argungu dukanmu, ban gaya wa Inna cewa na tashi daga kan masaki ba. Ɗakinta ya cika da mata, wasu a tsakar gida. Ta ɗora rediyon bisa ƙirji. Waƙoƙin farko suka wuce tana gyaɗa kai. Da aka shiga tsallake gulbi yatsunta suka fara bugun gefen gado, sai kuma suka tsaya.

"Wanga ba hannunki ba na."

Mai albasa ta maƙale a bayana. Inna ta ƙara kai kunne, can sai na ga bakin nan mara haƙora ya buɗe.

"Amma ƙafar taki ta. Ji hagun nan, har yau ba ta bar nawa ba. Ke, da tsufanki kika tashi?"

Na ce na tashi, Inna, bisa tebur ma. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da aka ba ta ruwa. Sannan ta ce a kawo mata hannun da ke kan masakinta. Mai albasa ta durƙusa a bakin gado. Inna ta laluba yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta kai su hanci, ta ce warin albasa suke amma sun iya jira, masaki ya sami gida. Ta kuma hana a kashe rediyon ko za a maimaita. An kuwa maimaita ba sau ɗaya ba, kuma duk lokacin sai ta sa an kira maƙwabta su zo su ji. Ba ta ga girbin shinkafar shekara mai zuwa ba, amma ƙorafin nan ban sake jin sa a bakinta ba.

Ban sake zama kan masaki ba. Koyarwa na koma, a tsakar gidana nan Birnin Kebbi. Matan unguwa suna zuwa, 'yan matan makaranta ma suna zuwa da wayoyinsu. Nakan ce su ɗauka daga baya, yanzu su dubi ƙasa. Ni nake taka musu, kuma duk wadda ta iya jiran hagun nan tawa, ba ƙafar da za ta ba ta kunya a fili. Waɗanda suka fita daga hannuna yanzu suna kaɗawa har Zauro da Augie.

Cikin mutanen ranar nan, zabiya ta riga mu gidan gaskiya, mai gadi ma na ji ya koma ƙauyensu ya rasu. 'Yar amshi tana nan wajen ɗanta a Argungu, kunne ya yi nauyi. Saurayin rediyo ya yi furfura, duk inda ya gan ni sai ya tambaya ko a ɗauko tebur. Mai albasa tana riƙe da masaki, ta sa gyartai ya ƙara masa ɗinki, kuma a bikin da na je kwanan nan na ga ta danne kan wata da tafin hannu. Sai ni, ga ni nan, in gwiwa ta yarda ina takawa.