Ƙaryar da Na Yi wa Anti Hannatu a Ɗakin Awo

Salama gare ku. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a wannan dandalin ba. Masu turo saƙo suna tambayar ko lafiya, duk na gani, kunya ce ta hana ni amsawa. Yau zan faɗi komai, mai zagi ya zaga.

Na haihu, mace. Saura ƙiris in rasa ta, kuma da hannuna a ciki.

Waɗanda suka san ni sun san Ladi. Shekara shida muna zaune tare a garin Laurel, a nan ƙasar waje. A coci da gidan biki "'yar uwata" nake ce mata. Ba 'yar uwata ba ce, matata ce. Tare muka je asibiti neman wannan cikin, tare muka yi kukan murna ranar da gwaji ya nuna ya shiga.

Sigari kuwa tun a Jos na koya, a ɓoye. Da na zo nan sai na koma na lantarki, wanda ake ce wa vape, mai ƙamshin mangwaro. Ba wari, ba toka, ya shige aljihun rigar aiki. Ina kula da tsofaffi a wani gida, in na samu hutu sai in shiga mota in ja. Wanda ya saba ɓoye babban abu, ƙarami ba ya ba shi wahala.

Da ciki ya samu na ce wa Ladi na daina. Ragewa kawai na yi. Na yi ta ruɗin kaina cewa ai tururi ne, ba hayaƙi ba.

Ranar awon farko a asibitin Silver Spring, wa zan tarar riƙe da takarda? Anti Hannatu, nas, shugabar zumuntar mata a cocinmu, wadda ta san gwaggota a gida.

"A'a, Rahila! Ashe abin alheri ya samu? Sannu, sannu."

Na rusuna na gaishe ta.

"Wa za mu kira in wani abu ya taso?"

"Ladi, 'yar uwata."

"Kina shan taba, ko irin na lantarkin nan da yara ke zuƙa?" Tun kafin in buɗe baki ta yi dariya. "Ai na san amsa, dole ce ta sa nake tambaya."

"Haba Anti, ni?"

Ta rubuta a'a.

Allah ya sani, da baƙuwa ce ta tambaye ni da na faɗi gaskiya. Amma ta yaya zan dubi idon babbar mace daga gida in ce ina busa taba da ciki?

A wata na bakwai hoto ya nuna jaririyar ba ta girma yadda ya kamata. Likita ta sake tambaya, Anti na tsaye a gefe. Na sake cewa a'a. Na fito na zauna a mota ina kuka, ina kukan ina zuƙa. Wannan ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba.

Sati uku bayan nan, da safe ina haɗa shayi, cikina ya ƙame kamar dutse. Na duba ƙasa, jini.

A asibiti suka ce mabiyiya ta fara rabuwa da mahaifa, bugun zuciyar yarinya na sauka, sai tiyata. Ladi na laluben katin inshora a jakata, hannunta ya fito da vape ɗin. Ta ajiye shi a kan gado, a gaban likita, a gaban Anti Hannatu da ta taho a guje da ta ji labari.

Likita ta ce, "Ba hukunci zan yi miki ba. Sau nawa a rana?"

Na ce, "Kullum, ba na ƙirgawa." Na nuna Ladi. "Wannan kuma matata ce, ku bar ta ta shiga da ni."

An ciro 'yarmu Godiya da nauyin fam uku, ko kilo ɗaya da rabi ba ta kai ba. Ban ji kukanta ba. Sati biyar ta yi a kwalba, da bututu a hanci, ina tatsar nono ana ba ta da sirinji. Likita ta ce ba za ta rantse taba ce kaɗai sanadi ba, amma sinadarin da ke cikinta yana matse jijiyoyin da ke kai wa jariri abinci, kuma da sun sani da sun taimake ni in daina tun da wuri.

Dainawar ba wasa ba ce. Ciwon kai, rawar hannu, masifa ba dalili. Sun ba ni maganin da ake mannawa a fata, suka haɗa ni da mai ba da shawara. Ladi ta yi kwana goma ba ta yi mini magana in ba ta yarinya ba, kuma tana da gaskiya.

Anti Hannatu ta ɓace kwana uku. A na huɗu ta zo da kunun kanwa a fulas.

"Zancenki da Ladi, ban san inda zan ajiye shi ba tukuna, ba zan yi miki ƙarya ba," in ji ta. "Amma ni na yi dariya kafin ki amsa. Wannan laifina ne, 'yata. Sha kunun tun da zafi."

Ba ta kai zancen coci ba har yau.

Na gode wa Allah, na gode wa ma'aikatan ɗakin jarirai, na gode wa Anti, na gode wa Ladi da ba ta tafi ba.

'Yan uwana mata, musamman ire-irena da suka saba rufa-rufa: na lantarkin ma taba ce. In kina da ciki ki faɗa wa likita, akwai taimako. In nas ɗin 'yar gida ce kuma bakinki ya yi nauyi, ki nemi a ba ki wata, haƙƙinki ne.

Jiya mun kai Godiya awo. Takardar ta tambayi ko akwai mai shan taba a gidanmu. Na rubuta a'a, na miƙa wa Ladi ta karanta. Ta daɗe tana kallona, sannan ta sa hannu a ƙasan nawa.