Ranar da Malam ya ɓamɓare hannuna

Da safe na sauka gulbi, wanda a shekarar nan ya koma rairayi zalla. Na tona rami da sakaina, na jira ruwa ya tsattsafo, na samu rabin tulu. Shuka biyu munka yi a ƙauyenmu na gabas da Tsamaye, duka rana ta ƙone su. Na dawo na wanke wa maigidana Malam fuska, na jingina shi da rumbu inda akwai inuwa. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ban ƙara zuwa ko kasuwa ba. In ya yi tari sai na aje abin da nike yi. Yakan ce, “Habi, kin tsare ni kamar ke ka ba ni numfashi.”

Da hantsi munka ji rugugi daga yamma. Mata sunka fito suna duban sama, mun zaci hadari ne. Babura ne.

Harbin farko ya tashi wajen masallaci. Kaji sunka watse. Wani ya yi ihu, “Ku fita! Ku yi gulbi!” Ɗana Sani ya tafi cin rani, gidan daga ni sai Malam sai matar Sani, Asabe, da cikinta ya tsufa.

Na goya Malam. Ban kai ƙofar gida ba munka faɗi. Na sake ɗaga shi, munka sake faɗuwa. Hayaƙin dangar maƙwabta ya rufe tsakar gida. Asabe na tsaye riƙe da mara, ta ƙi tafiya ba ni. Na damƙe wuyan hannunsa na ce ba za ni ko'ina ba.

“Saki,” ya ce. “Ni ba naki ba ne, na Allah ne. Ɗauki yarinyar ga ku tahi!”

Ban saki ba. Sai ya sa hannunsa mai lafiya ya ɓamɓare yatsuna, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana kallona. Ya tura ni.

Munka bi cikin gulbi. Da damina ce ta gaske, da gero ya ɓoye mu. Amma fili ne fetal, ana hango mutum daga nesa. Rairayi ya soya mana ƙafafu. Wata mata ta faɗi a gabana, ban tsaya ba. Azahar ta same mu kwance cikin wani kwazazzabo, ƙarar babura na kai da komowa bisa kanmu. Sai bayan la'asar munka fita bakin hanya, wata motar itace ta kwashe mu zuwa garin Isa.

A can Asabe ta haihu, a ɗakin ƙanwata. Namiji.

Na daɗe hannuna na dama yana dunƙulewa da kansa, ko ina salla. Ina jin zafin Malam, ina jin zafin kaina. Daga baya na lura ko addu'a in zan yi masa, roƙo nike a maido mani shi. Ranar da na iya cewa Allah shi jiƙan bawansa, ban ce nawa ba, ranar na ci abinci ya zauna.

Da Sani ya zo ya ɗauki matarsa da ɗansa zuwa wajen Maraɗi inda ya samu aiki, ni na naɗe jinjirin na miƙa a mota. Na yi kuka, amma ban riƙe ba.

Mazan da sunka koma rufe gawawwaki sun ce sun tarar da Malam ya ja jiki ya fuskanci gabas. Ƙasa ta yi tauri, ba ƙarfin gina da yawa, sai anka haɗa su rami ɗaya: shi, da ladan, da wanzamin garinmu da matarsa. Ba a sa alama ba. Ban koma ba.