Shekarar da Baba Ya Zazzage Tattasai a Ɗaki

Gidanmu ɗaki biyu ne da rumfa, ginin ƙasa, a bakin Komadugu, gabas da garin Diffa. In ka tsaya a ƙofa ka jefa dutse da ƙarfi, a gulbi zai faɗa. Babanmu, Mala Tahiru, Allah ya jiƙansa, da hannunsa ya gina shi. Mu bakwai ne a ciki. Ni Delu ni ce ta uku, kuma ni ce mai bakin gidan, don haka ni zan faɗi labarin.

Baba manomin tattasai ne, gajere, mai faɗin ƙirji, magana kuwa sai ka roƙa. Hausarsa ta kasuwa ce, Barbarci na leƙowa ta cikinta. Mutane sun ɗauke shi mai sanyi. Mai sanyi? Hmm! Ba su ga abin da muka gani ba.

Wanda bai san gulbinmu ba zai zaci da damina yake cin gidaje. Ina! Namu sai damina ta ɗauke, sama ta yi fes, sannan ruwa ya gangaro daga Najeriya, ya yi ta hawa har cikin sanyi. Wajajen 1999, ina aji biyar a lakwal, ya zo da wata irin cika. Baba yana da wani turke da ya kafa a bakin ruwa, kullum da safe ya je ya duba. Ran nan ya dawo ya ce, "Kwana huɗu, yana ƙofar gida."

A lokacin an gama shanya tsinkar fari. Buhu arba'in na busasshen tattasai, an ɗinke bakinsu, suna jere a tsakar gida, ana jiran kamiyo, babbar motar kaya, ya kwashe su zuwa kasuwar Diffa. Abincinmu na shekara ke nan. Maƙwabta sun fara kwashe kaya zuwa tudu. Mai son tare ruwa kuwa sai ya sami buhunan da zai cika da rairayi, ga shi buhun banza ya ɓace a gari, kowa na nema.

Sai kawai Baba ya zaro wuƙa ya farke ɗinkin buhun farko, ya shiga ɗakin Inna ya zazzage shi a ƙasa.

Inna Fanna ta saki muciya. "Mala! Lafiyarka ƙalau kuwa? In ruwan ya shigo fa? Ba gida, ba tattasai!"

Gaskiyarta. Busasshen tattasai ko laima ya sha sai ya yi baƙi, babu mai saye. In an bar kamiyo ya ɗauka, tattasai ya tsira, gida ya tafi. Baba kuwa ya haɗa su biyun ya ɗora a kan buhunan rairayi.

Maƙwabcinmu Alkali ya leƙo ta saman katanga ya ce, "Haba Tahiru, gida ai ƙasa ne. In ya rushe a sake ginawa."

Baba bai ko ɗaga kai ba. "Na san ƙasa ne. Ni na kwaɓa ta."

Kafin azahar ɗakuna biyu sun cika da tattasai ja wur, har bakin taga. Atishawa kuwa, wayyo! Har akuyarmu ba ta tsira ba. Muka koma rumfa da tabarmi da tukwane. Ni dai haushi nake ji, ba zan ɓoye ba. Ina riƙe bakin buhu, Baba na zuba rairayi, ina zumɓura baki ina cewa a raina wannan tsoho zai bar mu da yunwa a kan ɗaki biyu. Kwana uku muna cikawa muna jerawa ta gefen gulbi, inda ƙasa ta fi gangare, ana dannawa da laka a tsakani.

Rana ta huɗu ruwa ya iso, yadda ya faɗa. Ba hayaniya, ba igiya, ya dai zo ya jingina da buhunan ya fara hawa. Baba ya naɗe wando ya shiga. Duk inda ya ga ɗigo sai ya cusa laka ya danna da dunduniya. Ƙafafunsa suka yi fari, suka tsattsage. Ran da wani buhu ya fashe ta bayan ɗaki, ruwa ya fara tsiyayowa, babu abin toshewa a kusa, sai ya tuɓe rigarsa ya dunƙule ya cusa, ya zauna a kai yana ƙwala wa Inna kira ta kawo laka.

A rana ta shida katangar Alkali ta zube, muna ji muna gani. Can sai ga shi da shebur a kafaɗa. Ya nufi wajen Baba. Ya shiga ruwan ya tsaya kusa da shi. A nan haushina ya tafi, tsoro da alfahari suka cika ni, har na rasa wanne ya fi.

Ruwa ya hau har saura yatsa uku ya tsallake buhunan. Ya tsaya nan. Kwana biyu cur bai ƙaru ba, bai ragu ba. Da safiyar rana ta tara sai muka ga jiƙaƙƙen layi a jikin buhunan, ruwa ya sauka ƙasa da shi da faɗin tafin hannu.

Baba ya fito daga ruwan yana ɗingishi. Ya je gindin bangon ɗakin Inna ya durƙusa, ya shafa. Sannan ya tura hannu cikin tattasai har gwiwar hannu, ya damƙo na can ƙasa, ya matse. Ya yi ƙaras!

"Fanna," in ji shi, "zo ki taɓa."

Inna ta zo ta shafa bangon, ta duba yatsunta. Busasshiyar ƙasa. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana nuna mana hannun, hawaye na zuba, sannan ta rangaɗa guɗa wadda har mutanen tudu suka ji.

Baba ya jingina bayansa da bangon, ya miƙe tsattsagaggun ƙafafunsa, ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba.

"Delu, kawo ruwa in sha," ya ce. "A gidana nake."