Birkin da Na Ɗaure da Waya

Wata bakwai na yi ina tayar da babur ɗin nan a zauren gidana a Birnin Kudu. Tsoho ne tukuf, irin na malaman gona na da. A bayan rumbun wani mutum na gan shi a Yalwan Damai, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Ni malamin firamare ne, ba makanike ba, sai dai ina da taurin kai da sifana biyar. Na wanke kafireto, na kai tanki walda, na rage tsawon kujera, na sa masa salansar da ke tarwatsa awakin unguwa. Abu ɗaya ya rage. 'Yar ƙusar da ke haɗa sandar birkin baya da abin takawa ta ɓace mini, sai na zura siririyar waya na murɗe, da niyyar in nemo wata ƙusar ranar kasuwa.

Kafin ranar kasuwar surukina ya zo daga Gwaram duba 'yarsa. Tun da na aure ta ban taɓa haɗa ido da shi ba. In ya shigo durƙusawa nake yi, "to" da "na'am" su ne dukan hirarmu. Da ya ga babur ɗin sai ya tsaya yana shafa tankin. Ya ce irinsa ya hau shekara da shekaru yana zaga gonaki.

"Ya gama haɗuwa?" ya tambaye ni.

"Ya gama, Baba."

Son a yabe ni ne ya sa na faɗi haka, kunya kuma ta hana ni gyarawa. Bugu ɗaya ya yi masa ya tashi. Ya ce zai je gida da shi, jibi ya dawo mini da abina. Ina durƙushe, maganar birkin tana bakina, har ya fice daga lungunmu.

Na shiga ciki na gaya wa matata. Ta ajiye ludayi ta dube ni. "Ka san da haka ka bar Baba ya hau?" Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Na kira salularsa, sai ga ta tana ƙara a zaure, inda ya sa ta caji ya manta.

Na tare ɗan acaɓa muka bi hanyar Gwaram. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Duk inda na hango mutane sun taru a bakin titi sai in ce wa ɗan acaɓan ya rage gudu in leƙa. Wani wurin masu rake ne, wani wurin ana loda buhuna. Ina ta tuno kowace gangara da kowace kwana, da motocin itace, da shanun da ke tsallaka titi ba sallama. Ina salati, amma zuciyata tana can tana neman bakin da zan koma gida da shi.

A ƙasan wata gangara muka same shi. Babur ɗin na tsaye a gindin tsamiya, Baba na zaune a kan dutse, hularsa a gwiwa, takalmin ƙafarsa ta dama ya yage. Na sauka da ƙyar na durƙusa. Ya buɗe hannunsa, ga wayar nan ta tsinke gida biyu.

"Shanu ne suka fito," ya ce. "Na taka birki, ƙafata ta wuce. Da rage giya da jan ƙafa Allah ya tsayar da ni." Ya juyo gare ni. "Ka sani?"

Ranar na fara ɗaga kai na dube shi. "Na sani, Baba."

"'Yata tana hannunka. Ran da wani abu ya same ta, haka za ka durƙusa ka ce mini lafiya lau?"

Ya miƙo mini guntayen wayar, ya hau bayan ɗan acaɓan da ya kawo ni suka nufi Gwaram. Ni kuwa tura babur ɗin na yi, don zuciyata ba ta bar ni na hau shi ba.