Mai Kibiya a Kusurwar Allo

Wani mutum ne zaune a ƙarshen benci a shagon gem, wato wasan bidiyo, garin injin niƙa har a girarsa. Ni layin aski nake jira a shagon gefe, na leƙo kallo.

Gem ɗin irin wanda ake tara jaruman wasanni daban-daban su gwabza ne. Samari duk ƙattin masu naushi suke ɗauka. Shi kuwa wata siririya mai kwari da baka ya zaɓa, ya raɓe a kusurwar allo yana ta sakin kibiya. Kafin ƙato ya iso inda yake, an gama da shi.

Bakina ba ya azumi. Na ce, "Malam, surukinka ne da kake jin kunyar matsawa kusa da shi?"

Shago ya kece da dariya. Mai shago, wanda da ma ƙorafin samari a kan mai kibiyar ya ishe shi, ya ce, "Gaskiyar Baba ce. Daga yau ban da mai kibiya, kowa ya fito gaba da gaba."

Mutumin bai yi musu ba, ya ɗauki mai naushi. Sai yanzu na lura da hannunsa na dama: babban yatsa da ƙaramin ne kawai suka rage. Ina zaton injin ne ya cinye sauran. Kibiya maɓalli guda take so, naushi kuwa sai yatsu sun yi ta tsalle a kan maɓallai.

Yana lalube, ana jibgarsa. Can ya ajiye abin bugawar a hankali, ya soke hannun a aljihu, ya matsa mini.

"Ga wuri, Baba. Zo ka nuna mana."

Ni da ban san ta inda ake riƙe abin ba.